Sukuru Huɗu a Ƙofar Kabad ɗin Basant

Cewa aka yi saurayin jikata marowaci ne. Wai ya ƙi biyan kafinta, ya je ya sayo wani ɗan injin ɗaure sukuru mai arha, irin mai batir ɗin nan, ya tsaga ƙofar kabad ɗin gilashin amarya da shi, ana saura wata guda biki. Haka labarin ya iso ni a waya ranar Asabar da la'asar, ina zaune ina tsinkar lalo. Kafin in gama tsinka, ƙofa ɗaya ta zama kabad gaba ɗaya. Kafin magariba an ce gadon ma rawa yake yi. Washegari wata ƙanwar surukata da ke zaune a Kuwait, wadda ko hoton benen ba ta taɓa gani ba, ta turo saƙon murya na minti shida a guruf ɗin dangi, tana rantsuwa irin injin nan fashewa yake yi idan an sa shi caji.

Masu karatu, sunana Ihsan, amma duk unguwar Muharram Bek Abla Ihsan ake ce mini, wato Malama Ihsan, don shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da 'yan mata Fiziks. Shekarata saba'in da shida. Jikata Basant ce ta buɗe mini shafin nan, wai in riƙa zuba surutuna a nan mutanen gida su huta. To yau ita ce a bakina, kuma ta sani.

Kabad ɗin nan na Basant, wanda mu a nan muke kira nish, ba ƙaramin abu ba ne a wurin uwarta. Afaf matar ɗana Midhat ta fara tara abin da za a jera a cikinsa tun yarinyar tana aji biyu na firamare: kofunan shayi masu bakin zinare, farantan tangaran saiti uku, wasu 'yan tsuntsaye na gilashi da ban san amfaninsu ba. Babu mai cin abinci a cikinsu har a tashi duniya. Nawa yana nan a falo shekara hamsin da shida, ƙura kaɗai ke cin abinci a ciki. Amma je ki faɗa wa uwar amarya haka a Iskandariyya ki ga yadda za a kalle ki.

Ban je jeren ba, gwiwa ta hana ni, gidan a hawa na huɗu yake kuma ba a sa lif ba tukuna. Abin da na ji shi ne mata sun shiga da kwalayen tangaran suna guɗa, suka tarar da ƙofar kabad ɗaya a rataye a karkace, katakon ya tsage tun daga hinji har gilashi, gilashin ma ya yi tsaga. Afaf ta ɗora hannu a ka. Minti goma bayan haka ango Hazim ya shigo, ya tsaya ya kalli ƙofar, ya ce, "Laifina ne." Shi ke nan.

Ranar Lahadi da safe Basant ta faɗo mini gida ko sallamar kirki babu. Doguwar riga ruwan toka a kan wandon jins, gyalen a naɗe a karkace kamar ƙofar kabad ɗinta, idanu sun kumbura.

"Teta," in ji ta, haka jikoki ke kiran kaka a nan, "Baba ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai mayar wa su Hazim zinarensu na baiko."

"A kan katako?"

"A kan hali, in ji shi. Wai tunda ya yi wa kayana rowa, ni ma haka zai yi mini. Mama kuma ta fara zancen ɗan yayarta na Kuwait, wai har yanzu bai yi aure ba."

"Wannan mai tumbin da ke kiran ki Basma?"

"Teta, ba wasa nake ba!"

Ta miƙo mini wayarta. Na ɗora tabarau na karanta.

Ita: Kai ka fasa?
Shi: Na ɗauki laifin.
Ita: Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.
Shi: Zan gyara in sha Allahu. Kin ci abinci?
Ita: Hazim, Baba zai fasa auren!
Shi: Ki yi haƙuri da Baffa. Ki ci abinci.

"Kin gani?" ta ce. "Gida na cin wuta, shi abinci yake tambaya. Ni kam na fara tunanin ko bai damu ba ne. Wata biyu yana turo mini hoton kowace durowa da ya haɗa, yana ta murna kamar ya ƙera jirgi, yanzu kuma bakinsa ya mutu."

Ni ba haka na karanta ba. Na yi shekara talatin da huɗu ina duba takardun jarrabawa, na san ɗalibar da ba ta san amsa ba, na kuma san wadda ta sani ta zaɓi ta amsa wata tambaya dabam. An ce masa kai ka fasa, ya ce na ɗauki laifi. Na ba ta shayi da na'ana'a, na ce ta wanke fuska.

Da yamma Midhat ya kawo mini burodi kamar yadda ya saba kowace Lahadi. Shekararsa hamsin da biyar, mataimakin darakta ne a wani ofishi, yana tafiya kamar ana biye da shi da fayil. Babban yatsansa na hagu a naɗe da filasta.

"Me ya sami yatsan?"

"Ƙofar mota ce, Mama."

"Zauna. Da gaske za ka raba 'yarka da mijin da take so a kan ƙofar kabad?"

Ya ɗaga murya nan take, abin da ba ya yi a gidana. "Ba ƙofa ba ce, Mama, tunani ne! Kowa ya san kayan arha asara ne. Mutumin kirki yana kiran mai sana'a. Usta Gharib da ya ƙera kayan shi ya kamata ya haɗa su, haka kowa ke yi, haka muka yi a aurena. Shi kuma ya ga zai adana 'yan kuɗi, ya ɗauko abin wasan yara!"

"Kowa ya sani," na ce. "Wane ne kowa? Ya gwada?"

"Mama, ba aji ba ne nan."

"Da aji ne da ka tsaya a bayan ƙofa tuntuni."

Ya tafi bai sha shayinsa ba. Ni kuma na ɗauko tsohon littafin gwajina da fensir. Tun ina yarinya in aka ce mini kowa ya sani, ƙaiƙayi nake ji.

Litinin da hantsi na je wurin Usta Gharib, don an ce shi Afaf ta kira, kuma daga bakinsa kalmar abin wasan yara ta fito. Shagonsa na bayan tashar tarago, warin gam da garin katako tun daga bakin lungu. Na koyar da 'yarsa, don haka yana gani na ya tashi yana kakkaɓe kujera da hularsa.

"Abla Ihsan! Yau shagona ya haskaka."

"Lantarki ne, Gharib, ka biya kuɗin wuta. Kai ka ce injin yaron nan abin wasan yara ne?"

"Ni? Cewa na yi ba na sana'a ba ne."

A bango ya rataye wani inji ja mai ƙyalli, irin wanda kuɗinsa ya ninka na Hazim sau huɗu ko biyar. A kan tebur kuwa, cikin garin katako, ga wani kore duk ya ƙoƙe, an naɗe hannunsa da baƙin salatif. Na nuna shi da sandata.

"Wannan fa, na wane yaro ne?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan na fita aiki ne, Abla. In ya faɗo daga tsani ko wani ya ɗauke, ba na kuka."

"Wato mai arha ne."

"Mai arha ne."

"Yana ɗaure sukuru ko ba ya ɗaurewa?"

"Yana ɗaurewa mana." Ya ja kujera ya zauna, ya rage murya. "Bari in faɗa miki tsakani da Allah. Ni ina ɗaure sukuru ɗari biyar a wuni. Mai arha a hannuna wata takwas, tara, batirin ya fara gajiya, bakin ya fara lilo, sai in jefar. Wancan na bango shekararsa biyar bai taɓa tari ba. Amma mutumin da ke taɓa katako ranar hutu kawai, ya haɗa gado yau, ya kafa kanta bayan wata biyu? Wallahi sai ya gaji da ganin sa. In ya sayi na bango ma ya yi wauta."

"To me ya hana ka faɗa wa Afaf haka?"

"Ba haka ta tambaye ni ba. Kuka take yi a waya." Ya buɗe hannuwa. "Kuma Abla, in kowane ango ya iya haɗa gadonsa, ni iska zan ci?"

Allah ka gani. Auren yarinya na lilo, shi yana tunanin na shan shayinsa. Na ciro waya na nuna masa hoton ƙofar, wanda aka tura a guruf sau goma sha ɗaya. Ya ɗora tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Sai ya tsuke baki.

"Wannan ai sukurun ƙafar gado ne. Dogo. An sa shi a ƙofa mai kaurin yatsa, ba a huda masa hanya ba, aka danna inji har ƙarshe. Ko da nawa na bango aka yi haka tsagewa zai yi, ya ma fi saurin tsagawa. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe inji ba a rayuwarsa."

"Amma an ce shi ya haɗa gado da wadirob da kantocin kicin."

"To ki je ki duba gadon, Abla. In haka ya yi wa gadon, kada ki bari jikarki ta kwanta a kai."

Talata na kira Hazim na ce ya same ni a gidan da la'asar, in ya tashi daga kantin maganin da yake aiki. Na hau tarago, na hau tasi zuwa unguwar Asafra, sannan na hau matakala tamanin da huɗu, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ina tsine wa wanda ya gina bene ba lif. Hazim yana bayana da jakata, dogo siriri, farar riga ta sha guga, kowane hawa sai ya ce, "Hajiya, mu huta?"

"In na huta ba zan tashi ba. Wuce ka buɗe."

Gidan na warin sabon fenti da iskar teku. Kwalayen tangaran na jibge a falo yadda mata suka watsar da su. Ban kalli kabad ɗin ba tukuna, ɗakin kwana na wuce. Na zauna a bakin gado, na ɗaga na sake zama da ƙarfi, sau uku. Ko ƙara bai yi ba. Na ja ƙofofin wadirob, na rufe, na duba tsakaninsu: layi ɗaya sak daga sama har ƙasa. Na shiga kicin na rataye nauyina a jikin kantocin. Na shafa kan sukurorin da yatsa, kowanne ya kwanta daidai da fuskar katako, babu wanda ya nutse, babu wanda ya ɗago. Mijina, Allah ya ji ƙansa, shekara arba'in bai iya kafa ƙusar hoto a miƙe ba.

"Kawo injin."

Ya ɗauko shi daga akwati kamar mai ɗauko jariri. Ɗan abu ne ruwan lemo, bai kai nauyin butar shayi cike ba, an rubuta masa wani suna da ko shi Hazim bai iya furtawa. Batir a gindi, maɓalli a ƙarƙashin yatsa, a baya kuma ɗan makunni mai lamba ɗaya, biyu, uku.

"Hajiya, a hankali, yana da..."

"Na koyar da yadda mota irin ta cikinsa ke juyawa tun uwarka ba ta yi aure ba. Ba ni guntun katako."

Ya kawo ragowar katako mai tauri na gado. Na sa dogon sukuru, na danna. Da farko ya juya shiru, yana shiga kamar cikin sabulu. Da katakon ya fara gardama sai injin ya kama bugu, ƙa-ƙa-ƙa-ƙa, kamar ana kwankwasa ƙofa da gaggawa, sukurun ya shige har wuya. Abin da ya ba ni mamaki, hannuna bai murɗe ba. Ni da ba na iya buɗe kwalbar zuma sai na kira maƙwabciya. Masu karatu, in faɗa muku gaskiya, na ji daɗi. Na sa wani. Na sa wani. Na ce ya ja kujera, zan ga ƙarshen batirin nan da ake cewa ba ya rai. Ina ɗaurawa ina kwancewa, shi yana yi mini alama a littafi. A na sittin da bakwai na gaji, injin bai gaji ba, fitila ɗaya ce kawai ta mutu a cikin ukun da ke jikin batir. Ya ɗan yi ɗumi. Bai fashe ba, a gaya wa ta Kuwait.

Sannan na ce ya ba ni siririn katako irin na ƙofar kabad. Na mai da makunni lamba uku, na ɗauki dogon sukuru, ban huda ba, na danna har ƙarshe. Kafin in ƙifta ido katakon ya yi ƙas, ya rabe biyu, bakin injin ya zame ya wuce gefen yatsana da kaɗan.

"Hajiya!" Hazim ya yi tsalle.

"Ban ji ciwo ba. Yanzu mu je falo."

Ƙofar na nan a rataye a karkace. Sukuru huɗu baƙaƙe, dogaye, biyu har sun huda fuskar katakon sun leƙo waje. Tsagar iri ɗaya ce da wadda na yi yanzu. Amma ɗaya ƙofar, wadda ba a rataya ba, tana jingine da bango a kan tsohon bargo. Na sunkuya. A gurbin hinji an yi alama da fensir, an huda 'yan ƙananan kafofi huɗu, tsaf, suna jiran sukuru. A kan kabad ɗin kuma ga 'yar leda ta gajerun sukurori farare, ba a ko buɗe ta ba.

"Yaushe ka sayi waɗannan?"

Ya kalli ƙasa. "Asabar da safe."

"Wato ka bar ƙofofin a jingine don ba ka da gajeren sukuru. Juma'a kana ina?"

"Na je Damanhur ɗauko Mama."

"Da me kake ɗaure hinji?"

A hankali ya ce, "Da hannu. Inji ya yi masa ƙarfi."

"To ɗana, mutumin da ya huda waɗancan kafofin ba shi ya sa waɗannan sukurorin ba. Hannu biyu ne a kabad ɗin nan. Na wa ne na biyun?"

"Hajiya, na ce laifina ne. Ni na bar injin a fili."

Na so in buga masa littafin a ka, wallahi. Na ciro sukurorin huɗu da kaina, na zuba a jaka, na ce injin ma aro nake so. Bai hana ba.

Sauka ta fi hawa wuya. A ƙasa mai gadin benen, wani dattijo mai rawani da ake kira Baba Sha'aban, ya jawo mini bencinsa na zauna ina haki. Hazim ya fita neman tasi.

"Ke ce kakar amarya? Mahaifiyar Ustaz Midhat?" Fuskarsa ta washe. "Madalla da mutumin kirki. Yaya yatsan nasa? Ranar Juma'a ya sauko jini na ɗiga, ni na ba shi filasta. Na ce Ustaz, ka bar wa yara aikin nan, ya ce duba kayan 'yarsa kawai ya zo yi."

Na manta, ni da kaina na manta, cewa ranar da kayan amarya suka shiga gida ake ba ubanta makulli. Na ga abin kamar ina wurin. Ya shigo bayan masallaci da hannu a baya, ya ga ƙofofi a jingine gobe jere, ya ce yaron nan malalaci ne, bari in nuna masa. Ɗana ne, na san hannunsa. Yana ɗan shekara tara ya murɗa agogon ubansa har ya tsinke, ya mayar da shi ƙarƙashin matashi, ya fi kowa ihun neman wanda ya ɓata.

Da Hazim ya dawo ya ga fuskata, ya kalli mai gadi, ya gane.

"Ka sani," na ce a cikin tasi.

"Makulli biyu ne, Hajiya. Nawa da nasa."

"Kuma ka yi shiru."

"A gaban mata ashirin zan ce surukina ya fasa kayan 'yarsa ya gudu? Uban Basant ne. In na kunyata shi yau, da wane ido zai shigo gidana gobe? Na ɗauka zai yi faɗa kwana biyu, in sayi sabuwar ƙofa, a wuce wurin."

"Yanzu ga shi zai mayar maka da zinare."

"Ba zai yi ba. Ba zai iya ba." Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Don Allah Hajiya kada ki faɗa. Ko Basant kada ki faɗa wa."

Kun ji. Ɗaya ya yi ɓarna ya ɓoye, ɗaya ya rufa masa asiri har zai rasa mata, ita kuma yarinyar tana gida tana kuka tana zaton ba a damu da ita ba. Ni da tsufana da gwiwata aka bar wa hawa bene.

Ban faɗa wa kowa ba. Ranar Alhamis na kira Midhat na ce famfon kicin na ɗiga. Ƙarya nake, Allah ya yafe mini. Ya zo da kwat ɗinsa ta ofis, ya duba famfo ya ga lafiya lau. Na zuba masa shayi.

"Na je gidan Basant," na ce. "Na gaisa da mai gadi. Mutum ne mai surutu."

Cokalin ya tsaya a kofi. Kunnuwansa suka yi ja, yadda suke yi tun yana yaro.

"Akwai abin da kake so ka faɗa mini, Midhat? Mu biyu ne a nan."

Na ga bakinsa ya motsa, na rantse na gani. Sai ya ajiye kofin. "Mama, magana ta riga ta yi nisa. Na faɗa a gaban Afaf da 'yan uwanta, na kira kawun yaron. Namiji ba ya magana biyu. Kuma ko ba komai, da ya kira Usta da duk haka ba ta faru ba."

"Kana da daga yanzu zuwa gobe. Ka kira yaron, ka ce ka huce. Ba sai ka faɗi dalili ba, ni ma ba zan faɗa ba."

Ya sumbaci hannuna ya fita. Na jira wayar Basant ta ce mini an fasa zaman. Abin da ya shigo da safiyar Juma'a shi ne: "Teta, Mama ta ciro akwatin zinaren. Ki zo don Allah."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya gaban madubi na daɗe da allurar gyale a hannu. Ni na haife shi. Na san abin da ake nufi a tsinka mutum mai furfura a gaban matarsa da 'yarsa da baƙi, kuma na san mai yiwuwa burodin Lahadi ya daina zuwa. Na sa baƙar rigata mai aikin azurfa a wuya, na saka injin a babbar jakata, na fita.

Falon Midhat a cike. An cire ledar kujerun zinare. Mahaifiyar Hazim, bazawara 'yar ƙarama cikin baƙaƙen kaya, ta zauna a bakin kujera tana murza carbi, ƙaninta a gefe da hula a gwiwa. Hazim a tsaye kusa da ƙofa. Afaf ta kawo shayi babu basbusa, kek ɗinmu na tarbar baƙi, don a san ba zaman daɗi ba ne. Basant na bayan labulen koridor, ina ganin yatsun ƙafarta. A tsakiyar tebur ga jan akwatin karammiski, a buɗe, awarwaro biyu da zobe da sarƙa.

Midhat ya gyara farar jallabiyarsa ya yi gyaran murya. "Kowane abu rabo ne," ya fara. "Mu ba mu da abin cewa a kan gidanku sai alheri, amma mutumin da zai..."

Na buɗe jaka na ɗora injin a kan tebur, kusa da akwatin. Na jera sukurori huɗu a gefensa.

"Mama, mene ne haka?" in ji Afaf. "Ki ɗauke abin nan, fashewa yake yi!"

"Midhat," na ce, "yatsan ya warke?"

Bai kalle ni ba. "Na ce miki ƙofar mota ce."

Hazim ya girgiza mini kai daga bakin ƙofa. Na kalli yatsun ƙafar da ke ƙarƙashin labule. Midhat ya sa hannu ya tura akwatin gaban kawun yaron.

"Injin nan lafiyarsa ƙalau," na ce. "Na ɗaure sukuru sittin da bakwai da shi da hannuna. Shi ya haɗa gado da wadirob da kantoci, babu wanda ke motsi. Ranar Juma'ar da ta wuce Hazim yana Damanhur. Ɗana Midhat ne ya shiga da makullinsa bayan masallaci, ya sa sukurun gado a ƙofar kabad, ya tsaga ta."